Daren ango a Garwa ta Kamaru: buwat ɗin otal, na Yelwa, ko bakin Binuwai?

Sarkin Shiri: Salamu alaikum ƴan aji. Kun san mutuminmu zai sauka Garwa ranar Alhamis ta sama, shekara shida rabonsa da gida, ɗaurin aure kuma Asabar ɗin makon da ke biye. Mun yi da Ma'aji za mu fita da shi dare ɗaya kafin dangin amarya su ƙwace mana shi. Jiya da yamma na hau babur na zaga wurare uku. Na farko buwat, wato gidan rawar dare, na babban otal ɗin nan na wajen unguwar Filato. Suna da salon VIP a sama, gilashi ya raba ka da filin rawa, kujerun fata, kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai aiki, ga janaretansu na kansu. Ba a biyan kuɗin shiga, amma sai ka sayi kwalabe na jaka 150, wato sefa dubu 150, kafin a ba ka wurin. Mutum goma suka ce, na yi ta magiya suka yarda da sha biyu. Na biyu sabon wurin nan na hanyar Yelwa, mai baƙin fenti da ruwan zinariya. Teburinsu na VIP jaka 80, a gefen DJ, jar igiya kawai ta raba ka da jama'a. Na uku ba buwat ba ne sosai, lambu ne a bakin Binuwai. Ana gasa kifi, akwai kiɗa, suna ware maka rumfa da ma'aikaci naka, jaka 40 kuɗin rumfa, ci da sha daban, ƙarfe ɗaya suke tashi. Kowa ya faɗi nasa, Laraba nake so in kai kafin alƙalami.

Ɗan Duwala: Wannan har abin tambaya ne? Mutum ya taso daga Faransa ka kai shi cin kifi da sauro? Otal kawai. A rufe magana.

Na Marwa: Ga shi nan ya fara. Wanda har yau bai biya karo-karon sunan ɗan Likita ba shi ke cewa a rufe magana.

Ɗan Duwala: Na biya, tambayi Ma'aji.

Ma'aji: Rabi ka biya. Amma bari mu bar wannan. Sarki, jaka 150 ɗin nan da haraji a ciki ne ko babu? Don manyan otal suna son rubuta farashi tsirara, sai an zo biya ka ga an ɗora TVA, kashi 19.25 cikin ɗari. In haka ne, 150,000 ta koma 178,875. Ango ba zai biya ba, saura mu sha ɗaya, kowa zai ajiye sama da jaka 16. Ban sa kuɗin mai ba, ban sa na masu tsaron mota ba, ban sa ɗan abin da za a ba yarinyar da ke kawo kaya ba, kuma babu ko tsinken tsire a ciki. Ku sa jaka 20 a ranku.

Sarkin Shiri: Wallahi ban tambaya ba. Gobe zan koma.

Ma'aji: In ka koma su rubuta maka a takarda, da hatimi. Maganar baki a wurin nan ba ta kai ƙarfe biyun dare.

Ɗan Auduga: Ni tambayata ɗaya ce kuma kowa na kewaye ta. Kwalaben jaka 150 ɗin, kwalaben me? A cikinmu sha biyu mutum nawa ke shan abin da ake sayarwa a wannan farashin? Ni dai Malta nake sha da Top, in na ƙure in sha biyu. Ko mun kwana muna ɗura lemo ba za mu kai jaka 30 ba. Wato mu za mu biya wa mutum uku shampen ɗinsu, mu kuma mu tashi da kumburin ciki.

Ɗan Tupuri: Kai Bahaushe, faɗi sunana kawai, kar ka ce mutum uku. Ni ina sha, ban taɓa ɓoyewa ba, fastonmu ma ya gaji da ni. Amma gaskiyarka. Ni ma ba zan so kuɗin wanda ba ya sha ya shiga kofina ba. Kuma shampen ɗin nan ba daɗinsa ake saya ba. Ni ka ba ni giyata mai sanyi ta jaka ɗaya a Yelwa na fi jin daɗi. Abin da ake saya shi ne lokacin da ƴan mata biyu za su ɗauko kwalba a bokitin ƙanƙara, an soka mata abin tartsatsin wuta, su ratsa tsakiyar mutane, DJ ya tsayar da kiɗa ya kira sunanka. Minti ɗaya ne. Wannan minti ɗayan shi ne jaka 150.

Na Marwa: To ai maroƙi ne da lasifika. Gara ma na gidan biki, jaka biyu za ka liƙa masa ya kirgo maka kakanninka har bakwai.

Ɗan Duwala: Ku ba ku gane ba ne. Ba a zuwa VIP don ƙoshi. Daraja ce. Ka zauna a sama, ba mai taka maka ƙafa, ba mai zuba maka abu a riga, ba ɗan sane a bayanka. A unguwannin Akwa da Bonapriso na Duwala abin da ake kashewa a tebur ɗaya ya ninka wannan sau uku, ba wanda ke ɗaukar kalkuleta. Kuma jaka 150 nawa ce a kuɗinsu? Yuro 229 ko ƙasa kaɗan. Mutumin da ya zauna Turai zai ga mun raina shi.

Ma'aji: Yuro 229 a aljihun wa? Mu da sefa ake biyan mu.

Malam Ƙarami: Assalamu alaikum. Na karanta duka, na so in yi shiru amma ba zai yiwu ba. Ƴan'uwa, ba zan yi muku dogon wa'azi ba, kun san aya ta 90 a Suratul Ma'ida da ta hana giya, tare muka yi haddarta a makarantar allo da wasunku. Abin da nake so ku tuna shi ne ba mai sha kaɗai aka yi wa magana ba. Hadisi ya zo da hani ga wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Kuɗinka kuma in ya shiga cikin sayenta, ka shiga. Mutum zai yi aure, ana neman albarka, sai mu buɗe masa da wannan? Ni ba zan hana kowa ba, ba ni da sanda. Amma kar a sa sunana a karo-karon otal ko na Yelwa. In bakin kogi ne, kuma teburinmu babu kwalba, zan zo in ci kifi in tafi da wuri.

Ɗan Tupuri: Malam, in ka zo ni ma folere, wato zoɓo, zan sha a gabanka, don girmanka. Bayan ka tafi kuma tsakanina da Allahna.

Malam Ƙarami: Allah ya shirye mu baki ɗaya. Na gode da wannan, aboki.

Ɗan Duwala: Akwai shampen marar giya fa, irin wanda ake fasawa a bukukuwan manyan Alhazai. Sai a ce su kawo shi.

Sarkin Shiri: Na tambayi wannan a otal. Manajan ya ce suna da shi, amma kwalba biyu kawai zai lissafa a cikin jaka 150, sauran dole daga jerin manyan kwalabe. Ribarsu a can take, ya faɗa mini ƙiri-ƙiri. Na Yelwa kuwa dariya yaron ya yi mini.

Direban Kusiri: Ku tsaya in ba ku labari, don ni an taɓa yanka ni, kuma ba da wuƙa mai kaifi ba. Bara waccan na kai wani Alhaji da abokan cinikinsa Njamena, muka sauke kaya, aka samu riba, da dare suka ce sai an je wani wuri na manya. Ba zan faɗi suna ba. An ba mu tebur, an ce kwalba biyu ne sharaɗi, muka ce to. Muna zaune sai wasu ƴan mata uku suka zo suka gaishe mu da fara'a kamar sun san iyayenmu, suka zauna. Kowa a cikinmu ya ɗauka baƙin wani ne. Can sai ga kwalba ta uku da wutarta, an riga an fasa. Na ce wa ya ce a kawo? Mai kawowa ta nuna ɗaya daga cikin ƴan matan da haɓa. Kafin mu farga ta huɗu ta iso. Da aka kawo lissafi, wata ƴar takarda ce an rubuta da biro ja, ba suna ba hatimi, jaka 210. Ƴan matan kuwa ko ƙurarsu. Alhaji ya ce ba zai biya abin da bai yi oda ba. Sai ga ƙarti biyu sun tsaya a bakin ƙofa, ɗaya yana murza zoben hannunsa, bai ce uffan ba. Kuɗin da ke jikinmu duka jaka 160 ne. Wayata na bari jingina da katin ɗan ƙasa, na kwana ina tunanin yadda zan tsallaka gadar Ngeli in koma Kusiri ba takarda. Da safe Alhaji ya cika musu, aka ba ni wayar, gilashin ya tsage. Tun daga ranar na koyi abu uku a jikina: mutum ɗaya ne ke yin oda kuma a nuna shi ga ma'aikata tun da farko, ba a fasa kwalba sai a gabansa, kuma duk abin da aka kawo a biya nan take, kar a bari ya taru.

Na Marwa: Inna lillahi. Alhajin ya ƙara ɗaukar ka aiki?

Direban Kusiri: Har gobe. Amma in mun sauke kaya yanzu shayi muke sha mu kwanta.

Hajiya Ƙarama: Sannunku da shawara, maza. Ina ta karantawa tun ɗazu ina jira in ga ko wani zai tuna cewa a ajin nan akwai mata. Sha biyun da kuke kirgawa har da ni da Maman Biyu, ko kuwa kuɗinmu kawai ake kirgawa? Don ku faɗa mini wace matar aure ce a Garwa za ta ce wa mijinta ta tafi buwat ƙarfe sha biyun dare, ko da salon ɗin na zinariya ne. Ango ɗan ajinmu ne mu ma. Ni na riƙa ba shi littafina yana kwafa shekara uku.

Maman Biyu: Faɗa musu dai, Hajiya. Ni maigidan ya ce in bakin kogi ne zai kawo ni da kansa bayan isha'i, ya dawo ya ɗauke ni sha ɗaya. In wani wuri ne kar ma in tayar da zancen.

Sarkin Shiri: Ku yi haƙuri Hajiya, laifina ne. Da ku na kirga, amma ban yi tunanin wannan ba.

Ɗan Duwala: To a yi musu walima da rana mana, dare kuma namu.

Hajiya Ƙarama: Walimar da za mu dafa da kanmu, mu kawo muku, mu wanke kwanuka? Allah ya kiyaye. Zama muke so a kawo mana mu ma.

Likita: Na fito daga aiki yanzu. Abu biyu zan ƙara. Na farko zafi. Afrilu muke ciki, da rana muna haura digiri 40, dare ma bangon ɗaki bai huce ba. Ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya kamar kowace shekara war haka, ɗaukewar wuta kuma kun san yadda take. Wurin Yelwa na taɓa shiga sau ɗaya rakiyar wani baƙo. Rufin kwano ne aka yi wa silin, ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita, ta baya an jibge akwatunan kwalabe a gabanta. Aka ɗauke wuta, janareta ya ɗauki kiɗa da fitilu amma bai ɗauki kilim ba. Cikin minti goma riguna suka manne a jiki. Ga abin tartsatsin nan ana yawo da shi a ƙarƙashin labulen ado. Ni da na ga masu ƙuna a gadon asibiti, idona a kan ƙofa yake duk inda na shiga. Sarki, in ka koma ko'ina, ka ce su nuna maka ƙofar baya, ka tura ta da hannunka ka ga tana buɗewa. Na biyu komawa gida. Daren Asabar daga ƙarfe biyu zuwa asuba, yawancin waɗanda ake kawo mana ƴan babur ne da fasinjojinsu. Duk wanda ya san zai sha kar ya zo da abin hawa.

Direban Kusiri: Wannan nawa ne. Zan karɓo bas ɗin ƙanena, in kwashe kowa in sauke shi a ƙofar gidansa, daga Lainde har Jambutu. Mai kawai za ku zuba. Kuma kowa ya riƙo katinsa, ana tsayarwa a shataletale da dare.

Ɗan Auduga: Wani abu kuma, shisha. Na ga wurin Yelwa suna sa hotonta a Facebook. Tun Maris 2022 gwamnati ta hana ta a ƙasar nan. Ana sha, na sani, amma ranar da aka ga dama aka yi samame, ba a tambayar wa ya ja wa bai ja ba. Ango ya kwana a kwamisariya, wajen ƴan sanda, saura mako ɗaya aurensa, wa zai je ya yi wa surukai bayani?

Na Marwa: Ɗan Duwala zai je, shi ne mai daraja.

Ɗan Duwala: Ku yi ta yi. Ni dai na san lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka, Janairun 2022, da ƴan Najeriya suka cika garin nan daga Yola, ranar da suka ci Masar 1-0 a filin wasa na Rumde Ajiya, otal ɗin nan ne ya ɗauke su kuma ba abin da ya faru. Wuri ne mai tsari.

Ma'aji: Na tuna. Na kuma tuna farashi ya haura a makonnin nan, da Tunisiya ta fitar da su ranar 23 ga wata baƙi suka watse, farashin bai sauko ba har yau. Mu muka gaji tsadar.

Sarkin Shiri: Na dawo daga otal. TVA ba ya ciki, Ma'aji ka yi gaskiya. Ƙofar baya tana nan kuma tana buɗewa, Likita, wannan na yaba musu. Amma ga wata sabuwa: ba a shiga da silifa ko takalmi buɗaɗɗe, kuma mai tsaron ƙofa ya kalli kaftanina sama da ƙasa ya ce ranar Asabar sai ƙananan kaya. Na ce shaddar nan ta fi wandonka da rigarka tsada. Ya ce shi dai umarni aka ba shi.

Ɗan Auduga: A Garwa? Garin Lamiɗo a hana mutum shiga da kaftani? To su riƙe salon ɗinsu.

Ɗan Duwala: Ko'ina a duniya haka ake yi. Ku sayi takalmi mana.

Hajiya Ƙarama: Ku tambayi mai abin. Yana cikin zauren nan, ina ganin yana karantawa ya yi lamo.

Ango: Salamu alaikum. Wallahi ina nan, dariya ce ta hana ni rubutu, har abokin ɗakina ya leƙo. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Duwala, mutumina, bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa a nan ba. A shekara shidan nan, huɗu a ƙofar buwat na yi su. Da rana karatu, daren Juma'a da Asabar ina tsaye da baƙar riga da abin magana a kunne, ina duba takalman mutane ina cewa wannan ya shiga wannan ya koma. A cikin sanyin da yatsu ke ƙagewa. Na ɗauki masu amai na kai su mota, na raba faɗa, an tofa mini yawu. Da kuɗin na biya makaranta, da shi na haɗa lefe. Kwalbar da ake kawowa da wuta na san nawa ake saro ta, don ni nake sauke akwatunan da yamma. In kuna ƙaunata kar ku kai ni inda zan ga wani yaro a tsaye a ƙofa yana duba ƙafata. Abin da nake mafarki tun da na tafi shi ne giwan ruwa gasasshe da yaji da albasa, in ci da hannu, in ji ana Hausa da Fulatanci a kowane gefe. Sauron ma na yi kewarsa.

Maman Biyu: Allah sarki. Ka sa ni hawaye a kicin.

Na Marwa: Sauron zai ji ka, zai zo da danginsa.

Malam Ƙarami: Allah ya yi wa neman halal ɗinka albarka, ya yafe mana abin da ya cakuɗa. Zan zo, in sha Allah.

Ɗan Duwala: Shekara huɗu ba ka faɗa ba, kana turo mana hoto a gaban Hasumiyar Ifel. To na ji, bakin kogi. Amma ni da Ɗan Tupuri da duk mai so, in an tashi ƙarfe ɗaya za mu wuce Yelwa da kuɗinmu. Kar wani ya ɗauke mu hoto, kar kuma in ji labari a gidanmu.

Ɗan Tupuri: Ni ban ce zan biya tebur na jaka 80 ba fa. A tsaye zan sha tawa.

Likita: Ku biyun ku bar baburanku a gida. Kuma a rumfa a kunna maganin sauro tun magariba, ba na son ganin ango a layin gwajin zazzaɓi ranar ɗaurin aure.

Sarkin Shiri: An gama. Na kira mai lambun: rumfar da ke kallon gada, daga bayan isha'i. Ya ce kifi sai an faɗa masa adadi tun ranar Juma'a don ya sa masunta su ajiye masa manya. Teburinmu folere, lemo da shayi kawai. Ni kaɗai zan yi oda, kamar yadda Direba ya ce, kuma ya yarda zai rubuta komai a takarda.

Hajiya Ƙarama: Ka ce masa kujeru masu jingina, ba benci ba. Kuma kifi biyu ban da yaji sosai, Maman Biyu tana shayarwa.

Ma'aji: Rumfa 40, kifi da abin sha na ƙiyasta 60, man bas 10. Jaka 110, mu sha ɗaya, kowa jaka 10 cif. Ku turo ta Orange Money ko MoMo a lambar da kuka sani, ku haɗa da kuɗin cirewa. Bakwai sun riga sun turo tun ana gardama. Ɗan Duwala, naka jaka 15 ne, da ragowar na suna. Na ga ka karanta.